Ƙidayar Masu Jin Fillanci a Rugar Ardo Iliyasu

Aji ɗaya tal malamin makaranta Mushe Mas'udu yake da shi a duniya, kuma a rugar baffansa Ardo Iliyasu yake, can cikin karkarar Hawandawaki. Rumfar zana ce da bencina goma sha huɗu da allo ɗaya. Yara talatin da bakwai ke zuwa, ana koya musu karatu da lissafi da Fillanci shekara biyu, sannan a shiga da su Faransanci. Sai da Mas'udu ya shekara shida yana bin bukka-bukka kafin iyaye su yarda su saki ƴaƴansu daga bayan maruƙa, kuma ba don komai suka yarda ba sai don an ce da harshen gida za a yi karatun. Wani furoje na tallafin ilimi mai buro, wato ofis, a Tasawa shi ya kawo bencinan da littattafan.

Ana nan sai furojen ya yi sabuwar shugaba, Madam Saudatu. Ta yi karatu a Birtaniya, a wani yanki da ake kira Wales, kuma ba ta yin zance uku ba ta ambace shi ba. Ta ce a can ana tambayar kowane gida wa ke jin yaren yankin, wa ke magana da shi, wa ke karantawa, wa ke rubutawa, sai a zana taswira a ga inda yaren ya yi ƙarfi da inda ya yi rauni. Ta ce haka za a yi a Tasawa da Mayahi. Ajin Fillanci ɗaya kawai furojen zai ci gaba da riƙewa, kuma za a ajiye shi inda masu harshen suka fi yawa.

Da labarin ya iso ruga, dariya Mas'udu ya yi. Ina abin tsoro? Nan ko saniya za a tsawata wa da Fillanci ake yi. Tsofaffin matan rugar ma, in sun je kasuwa sayar da nono, Hausarsu sai mai haƙuri.

Ranar Talata da hantsi mai ƙidaya ya iso a kan moto, wato babur, ya sha faɗuwa biyu cikin rairayi, takalminsa cike da ƙasa. Sunansa Rayyanu, ɗan Maraɗi, da baƙin tabarau da wata faffaɗar waya da yake latsawa. Horon kwana uku aka ba shi a wani otel, shi ke nan ya zama masanin harsunan jiha guda. Ko gaisuwar Fillanci bai iya ba, bai kuma ga dalilin da zai sa ya iya ba.

Aka yi masa shimfiɗa gindin gawo, aka kawo masa ƙwaryar kindirmo, ya shanye tas. Ardo Iliyasu ya zo ya zauna, mazan ruga suka jeru bayansa. Da Hausa Ardo ya yi masa maraba, don ba a yi wa baƙo magana da harshen da ba ya ji.

Rayyanu ya ɗaga wayarsa ya ce, "Baba, da ku za mu fara. Kuna jin Fillanci?"

Ardo ya sunkuyar da kai, ya ɗan shafa sandarsa. Ya ce, "To, ɗana, ana taɓawa kaɗan-kaɗan."

"Magana fa?"

"Ita ma kaɗan-kaɗan."

Jama'a, mutumin nan shekararsa saba'in da huɗu. Shi ke raba rigimar makiyaya tun daga nan har iyaka. In ya fara lissafo asalin saniya ɗaya, uwa da kaka da kakar kaka, sai rana ta yi tsaka bai maimaita kalma ba. Amma a rugar nan, namiji ya buɗe baki gaban mutane ya ce "na iya", rashin kunya ne tsagwaronsa. Mai shanu ɗari biyu ma in ka tambaye shi cewa zai yi akwai ƴan ƙwarori. Kowa ya san haka daga Bawudeta har Kanambakashe, in ban da wanda aka aiko.

Tun da kuwa Ardo ya ce kaɗan, wa ya isa ya ce da yawa? Sama'ila ƙanensa ya ce kaɗan. Ƴaƴansu suka ce kaɗan. Da aka zagaya wajen mata, Gwaggo Zulaihatu, wadda sai da aka fassara mata tambayar ma kafin ta gane, ta ja mayafi ta rufe baki ta amsa, aka fassara wa Rayyanu cewa ta ce kaɗan. Shi kuma yana ta latsawa, ɗis, ɗis, ko ɗago kai ba ya yi.

Sai wajen mutum na ashirin Mas'udu ya leƙa ta kafaɗarsa. Akwati biyu ne kawai a gaban kowace tambaya, na "e" da na "a'a", kuma tun daga kan Ardo har zuwa nan "a'a" ake cikawa.

Ya jawo shi gefe, ya yi ƙasa da murya don kada baffansa ya ji. "Kai, mi kake yi haka? Mutanen nan da Fillanci suke mafarki!"

Rayyanu ya ce, "C'est la consigne, umarni ne, mushe. Madam ta ce duk wanda ya ce kaɗan a sa shi a'a. Ba ta son ƴan tsintar gaisuwa a kasuwa."

"To ka buɗe kunnenka mana. Ga mata can bakin rijiya, da wane yare suke faɗa?"

"Ni ba a aiko ni saurare ba. Abin da mutum ya faɗa da bakinsa shi nake sawa."

Wallahi Mas'udu ya so ya fizge wayar nan ya jefa ta rijiya. Amma baƙo ne, ya sha nonon gidan, ga baffa zaune. Da aka zo kan Mas'udu sai ya ɗaga murya da gangan ya ce yana ji, yana magana, yana karantawa, yana rubutawa, duka sosai, ko wani zai yi koyi da shi. Ardo ya kalle shi sau ɗaya ya kau da kai. Da yamma Gwaggo Zulaihatu ta aika aka kira shi, ta ce lakwal, makarantar boko, ta cinye masa kunya, ya tsaya gaban iyayensa yana yabon kansa kamar maroƙi.

Bayan wata uku aka kira taro a buron furojen. An manna taswira a bango, kowace ƙaramar hukuma da launinta, inda Fillanci ya yi ƙarfi kore shar, inda ya yi rauni fari-fari. Madam Saudatu ta riƙe ɗan sanda tana nunawa, fuskarta cike da jin daɗin aikin da ya kammalu. Bawudeta sha biyu cikin ɗari. Kanambakashe tara. Hawandawaki shida. Birnin Tasawa arba'in da ɗaya.

Arba'in da ɗaya! Mas'udu ya waiwaya don ya ga su waye waɗannan Fulanin da bai taɓa sani ba, sai ga su a layin gaba, an sha manyan riguna. Jagoransu Alhaji Abdulƙarim ne, mai sayar da siminti, wanda aka ce kakar babansa Bafillatana ce. Abin da ya gada daga gare ta dogon hanci ne, kuma da shi yake taƙama a gidan kowane biki. Da Rayyanu ya je unguwarsu, Alhaji ya tara iyalinsa da na ƙannensa da yaran shago, kowa ya ce ya iya sosai, har da rubutu. Maƙwabta suka ji gidan Alhaji sun ce su Fulani ne, suka ce to su ma ai ba a fi su asali ba. Tir! Mutanen da in ka ce musu "zo" da Fillanci sai su nemi mai fassara, su ne suka yi kore shar a taswira, har an naɗa Alhaji shugaban iyayen ajin da za a buɗe.

Da aka tashi, Mas'udu ya bi Madam har cikin buronta. Ya yi mata bayani dalla-dalla, yana haɗiye fushi. Ba muguwa ba ce, a faɗi gaskiya. Mace ce dai da ta fi yarda da taswira a kan mutumin da ke tsaye gabanta.

Ta ce, "Mushe, ni alƙaluma nake bi. A Wales in mutum ya iya sai ya ce ya iya."

Ya ce, "Madam, nan ba can ba ne."

Sannan ta ce akwai hanya ɗaya. In Ardo zai zo da kansa kafin Jumma'a, ya faɗa gabanta cewa shi da mutanensa sun iya Fillanci sosai, ya sa hannu cewa ƙidayar farko kuskure ce, za ta aika a sake. In ba haka ba, bencina da allo da malaminsu duk za su dawo Tasawa kafin a buɗe lakwal.

Ya koma ruga a ranar, ya sami baffansa yana ɗaure maruƙa. Ya durƙusa, ya zayyana masa komai. Ya ce magana ɗaya ce, Baffa, ta minti ɗaya, kuma yara talatin da bakwai ne a kanta.

Ardo ya gama ƙulla igiyar da ke hannunsa tukuna. Ya ce, "Mas'udu, so kake in hau mota da furfurata, in je birni in tsaya gaban baƙuwar mace in ce mata na iya maganar uwata? Sannan in dangwala yatsa cewa yaron da ya zauna kan tabarmata ya yi ƙarya?"

"Ba ƙarya ba, Baffa, kuskure."

"Abin da na gaya mishi shi ya rubuta. In suna son su san ko muna ji, su zo su kwana biyu."

Mas'udu ya roƙa ranar Laraba, ya roƙa ranar Alhamis. Ya je wajen Sama'ila, Sama'ila ya ce shi ba zai wuce gaban yayansa ba. A daidai lokacin nan Mas'udu bai san wa ya fi ba shi haushi ba: mai latsa waya, ko mai taswira, ko masu hancin aro, ko nasa mutanen da suka gwammace ajin ya tafi da a ce sun yabi kansu. Jumma'a ta zo ta wuce.

Motar da aka aiko ɗaukar kayan ta kasa shiga rairayi, ta tsaya can bakin hanyar jar ƙasa, tafiyar awa biyu daga ruga. Direba ya aiko a san yadda za a yi. Mas'udu ya ce a ransa, madalla, su zo su ɗauka a ka. Sai ga Ardo ya fito da bijimansa biyu mafi kyau, ya sa an ɗaura musu amalanke. Ya ce ba a barin kayan mutane a hannu ana jan rai, abin kunya ne. Mazan ruga da kansu suka loda bencinan, suka naɗe allon cikin tabarma don kada ya karce. Mata suna tsaye daga nesa. Ba wadda ta tambayi inda yara za su je ranar Litinin, don kowa ya san bayan maruƙa za su koma.

Ardo ne ya ja bijiman, Mas'udu na biye da jakarsa. Sun ɗan yi nisa sai tsohon ya fara magana, ba tare da ya waiwayo ba. Da Fillanci yake yi, irin wanda Mas'udu bai taɓa samu a littafi ba. Ya faɗi yadda jikarsa Sumaiya ta karanta masa takardar rigakafin shanu bara, ya koma bayan bukka don kada a ga idonsa. Ya kira yaran ɗaya bayan ɗaya, da abin da kowanne ya iya. Ya faɗi abin da yake ganin zai sami rugar nan da shekara ashirin. Awa biyu cur yana zuba, ba mai ji sai ɗan ƙanensa da bijimai.

A bakin hanya suka tarar da Alhaji Abdulƙarim ya biyo motar, wai ya zo karɓar kayan ajinsu a madadin iyaye. Ya taho da hannu biyu a buɗe yana washe baki, yana cewa, "Jam na! Jam na!" Nan Fillancinsa ya ƙare.

Ardo ya amsa masa da ladabi. Ya ɗauka tun da shugaban masu jin harshen ne, ba sai an juya zuwa Hausa ba. Ya tsaya har aka gama loda kayan, sannan ya dafa benci ɗaya ya yi wa Alhaji ƴar magana da Fillanci a hankali.

Alhaji ya yi ta gyaɗa kai yana murmushi. Can ya matso kusa da Mas'udu ya raɗa masa, "Mushe, mi tsohon ya ce?"

Mas'udu ya dube shi tun daga hula har takalmi. Ya ce, "Cewa ya yi wancan bencin ƙafarsa ɗaya ta yi rauni. A riƙa zaunar da ƙananan yara a kai."

Alhaji ya ce, "Af, to, to. Ka ce mishi mun gode."

Kafin Mas'udu ya juya, Ardo ya riga ya karkata kan bijimansa. Direba ya danna oda, Mas'udu ya hau baya ya zauna cikin bencinan.