Wandon da Sai-gobe Ya Ɗinka

Kowa a layin ya san shagon Sai-gobe. Tela ne na gani na faɗa, in ya ɗinka maka riga sai ka ƙi cire ta, amma fa kafin ka karɓa sai ka ci baƙar wuya. Ka kai masa yadi, ya auna ka, ya ce gobe. Ka dawo gobe, ya ce maɓalli kawai ya rage. Ka sake dawowa, ka hango yadinka a naɗe ƙarƙashin teburin guga, ko almakashi bai taɓa shi ba. Sunan ya bi shi har matarsa kan kira shi da shi in ranta ya ɓaci.

Bai taɓa damuwa ba sai ranar da ya yi wa autarsa. Za a ba ta kyauta a makaranta, ya ce zai ɗinka mata sabuwar riga, ya kawo da kansa, ya zauna a gaba. Ya iso da rigar rataye a hannu yana haki, ya tarar ana kwashe kujeru. Auta ba ta yi kuka ba. Ta karɓi rigar ta ce, "Ba komai, Baba. Ai na sani." Wannan "ai na sani" ita ta tsaya masa a rai.

To, ana nan sai mai gugar shagon ya zo da labarin wani tseren daji. Ya fi gudun fanfalaki nisa nesa ba kusa ba, tun safe har faɗuwar rana, kuma karɓa-karɓa ake yi, mutum uku uku, ana miƙa wa juna ɗamara mai lamba. Na farko ya ratsa daji zuwa gindin dutse, na biyu ya hau dutsen ya sauko, na uku ya biyo hanyar na farko ya dawo filin da aka tashi. Rana na faɗuwa alƙalin tsere zai busa usur, wanda bai iso ba ya yi wahalar banza.

Sai-gobe ya ajiye almakashi. Mutumin da ko ruwan sama ba ya sa shi sauri, ya ce shi zai yi na ƙarshe. Mai-guga zai hau dutse, na farko kuma Ƙyalle, mai yanka musu yadi. Sunan nan ba a banza ya same shi ba: ko guntun yadi kamar kunnen ɓera ya faɗi ƙasa sai ya tsince shi ya cusa a buhu, wai wata rana zai yi amfani.

"Auta, ki jira ni a fili," in ji Sai-gobe. "Kafin a busa usur za ki gan ni."

"To, Baba," ta ce, ko kai ba ta ɗaga ba.

Sun yi atisaye daidai gwargwado, wato suna zagaya kasuwa da sassafe ana yi musu dariya. Kayan gudu kuwa Sai-gobe ya ce ba za a ga teloli da na kanti ba, shi zai ɗinka. Yaushe ya ɗinka? A safiyar tseren mana! Ya ɗauko wani tsohon yadi ruwan ɗorawa da ya gaji da ajiya, ya nemi zarensa ya rasa, ya ɗinka musu wanduna da jan zare da manyan ɗinki. Aljihu kuwa ya ce sai gobe. Haka suka bar wayoyinsu a wurin Auta.

Aka saki masu gudu, mota ta kai Sai-gobe da Mai-guga gindin dutse su jira. Na farkon kowa ya iso ya miƙa ɗamara, Ƙyalle shiru. Sai can ga shi ya ɓullo, shi ne na ƙarshen duniya, cikinsa ya kumbura, wandon kuma saura sunan wando. Mai-guga ya fizge ɗamara ya yi sama. Ƙyalle ya zube yana murmushi, ya sa hannu cikin riga ya fara zaro ƙyallaye farare, tuli guda.

"Maigida, dubi abin da aka watsar a daji! Duk a jikin ƙaya na kwance su. Ko ɗaya ban bari ba."

Sai-gobe ya ɗauki ɗaya ya murza tsakanin yatsu. "Kai, wannan auduga ce zalla," ya ce. Ya ma fara lissafin bakin hannun rigar da za su yi kafin abin ya faɗo masa. Ƙyallayen nan su ne alamar hanya. Su aka ce a bi.

"Ƙyalle! Ka kashe ni!"

"Ai kowa ya riga ya wuce, Maigida."

"Dawowa fa, sakarai? Ta ina zan dawo?"

Sauran masu gudu ba ruwansu, taswira na jikin agogonsu da wayoyinsu. Sai-gobe ne kaɗai ba shi da ko aljihun da zai sa waya.

Sai da rana ta karkata sosai Mai-guga ya gangaro yana jan ƙafa, ya rataya masa ɗamara, shi da Ƙyalle suka shige motar komawa fili. Sai-gobe ya shiga daji shi kaɗai. Da farko ya bi sawun takalma, har hanya ta hau kan fako sawun ya ɓace, ta kuma rabu gida uku. Ya tsaya yana juye-juye. Ya bi ta dama, ta kai shi bakin rami. Ya dawo ya zauna a kan dutse, ya tuna yadda Auta ta ce "to" ba tare da ta dube shi ba, idonsa ya cika da ƙwalla. Tsoro ya ji na gaske, ba na daji ba.

Yana goge ido ya hango wani abu ja yana lilo a jikin ƙaya. Ya matsa. Zare ne, da ɗan guntun yadi ruwan ɗorawa a maƙale. Ya ja zaren, ya ga tazarar ɗinkin, kunya ta kama shi ko da yake ba kowa. Aikinsa ne. Duk inda Ƙyalle ya kutsa cikin ƙaya ya kwance alama, ya bar musu yankin wando a madadinta.

Sai-gobe ya zabura. Nan bakin ƙafar wando, can gefen cinya, gaba kaɗan mazagi guda a rataye. Yana gudu yana zagin ɗinkin, yana kuma gode wa Allah da bai tsaya ya yi shi da kyau ba. Nasa wandon ma ya fara barinsa, ya damƙe ƙugu da hannu ɗaya ya ci gaba. Ƙafafunsa suka yi nauyi, numfashi na fita da ƙara kamar tsohon keken ɗinki, rana kuwa ta yi ja tana sauka ba ta jiran kowa.

Ko da ya fito daga cikin itatuwa, ranar ta nutse. Amma bai ji usur ba.

Can a bakin layin ƙarewa ya hango alƙalin tsere tsaye ƙiƙam, hannuwansa a shimfiɗe dama da hagu, usur na reto a yatsansa. Mai-guga na riƙe da hannu ɗaya, Ƙyalle, ɗaure da tawul, na riƙe da ɗayan. Auta na tsaye a gabansa da tef ɗin awo. Wai shago ne zai yi masa kyautar riga.

"Yarinya, bari in busa abin nan mana," in ji alƙalin.

"Kar ka motsa, ranka ya daɗe, awon zai lalace. Saura kaɗan. Wuya kawai ya rage."

"Ai kin auna wuyan!"

"Na maɓalli ne ya rage."

Sai-gobe ya ji maganarsa a bakin 'yarsa, ya fashe da dariya, hawaye na zuba. Ya tattara abin da ya rage masa ya tsallake layin, hannu ɗaya a ƙugu, ya zube a ƙasa. Suka saki alƙalin, ya busa usur ɗinsa cikin fushi, ya tambayi yaushe zai zo karɓar riga. Su huɗun suka haɗa baki suka ce gobe.

Auta ta durƙusa ta miƙa wa babanta ruwa. Sai a lokacin ya lura rigar nan ce a jikinta, wadda ya kawo a makare, hannun har ya ɗage mata.

"Na so in makara, Auta," ya ce.

"Ka makara mana, Baba," ta ce tana cire masa ƙaya daga gashi. "Amma yau na san za ka zo."