Hilary a Layin Maza

"Hilary Ozioko!" Katikis Attama, mai koyar da addini a cocin, ya sake kira, yana leƙen jama'a ta saman tabarau. "Ina iyayen Hilary Ozioko? Layin maza nake kira, kada a ɓata mini lokaci."

Nkiruka ta ƙara sunkuyar da kai kan jaririyar da ke cinyarta. Ranar Asabar ce ta baftismar jarirai a cocinsu da ke bayan kasuwar Ogige a Nsukka. Masu 'ya'ya maza a dama, masu mata a hagu, kamar yadda Katikis ya saba tsarawa shekara talatin. Kusa da ita surukarta ce, Mama Obiora, cikin zanen ƙungiyar matan coci, tana fifita da littafin waƙa.

"Ozioko kuma?" in ji Mama. "Akwai wanda ya haihu a danginmu ban sani ba?"

Mako biyu da suka wuce Mama ta aiki Nkiruka ofishin coci ta cike takarda, ta ce a rubuta Philomena, sunan mahaifiyar ita Mama. Da Nkiruka ta riƙe biro, sai ta rubuta Hilary, sunan nata uban. Kafinta ne, shi ya raine ta shi kaɗai bayan rasuwar uwarta. Bara ya rasu, bai bar ɗa namiji ba, kuma babu wani jika da ya ci sunansa. Tun ranar da ta cike takardar take neman bakin da za ta faɗa wa Mama, ba ta samu ba.

"Mama, mu ne," ta ce a hankali. "Ni na rubuta."

Fifitar ta tsaya. Obiora, mijin Nkiruka, ya dubi fuskar uwarsa sau ɗaya, ya tuna bai kulle motarsa ba, ya fice.

"Ke 'yar nan, sunan gardi kika ba jikata? Hilary mai faci, Hilary mai sayar da bammi, sai kuma ita?"

"Sunan babana ne, Mama."

"Na san babanki, mutumin kirki ne, shi ya yi mini ƙofar ɗaki. Sai ki jira ki haifi namiji mana."

"In ban haifa ba fa?"

Sai ga Katikis ya iso kansu da babban littafinsa a hammata. Ya dubi farar rigar jaririyar mai leshi, ya dubi 'yan kunnenta, ya dubi takarda.

"Wannan ai mace ce."

"Mace ce, ranka ya daɗe," in ji Nkiruka.

"To ni na sa ta a layin maza, har ina cigiyar namijin da zai tsaya mata uban baftisma. Waliyyi Hilary namiji ne, bishop ne ma guda. A canza suna yanzu, ko ku dawo wata mai zuwa." Ya juya ga jama'a yana girgiza kai. "Wane irin gida ne wannan, da ba su san sunan maza da na mata ba?"

Wasu mata a bencin baya suka ƙyalƙyale da dariya. Nkiruka ta buɗe baki za ta ce a sa Philomena a wuce wurin, sai ta ji Mama ta ajiye littafin waƙa a kan benci da ƙarfi.

"Wane gida ka ce?"

"Mama, ba da ke nake ba."

"Gidan Ozioko ka ambata, ni ce gidan Ozioko." Ta miƙe ta gyara ɗaurin zani. "Attama, faɗa wa mutanen nan cikakken sunanka."

"Anthony Attama. Kowa ya sani."

"Ka rage. Ina cikin cocin nan aka yi maka baftisma, ni na riƙe wa uwarka jaka, kana tsala ihu kamar ɗan akuya. Anthony-Mary aka rubuta. Ko Mary ɗin ma bishop ce?"

Dariya ta koma ɗaya ɓangaren. Wani tsoho a layin maza ya ɗaga hannu ya ce shi ma John-Mary ne, kuma har yau gemunsa bai zube ba.

"Wannan daban ne," in ji Katikis, yana share wuya da hankici. "Wannan girmamawa ce ga Waliyyiya Mary."

"Surukata ma girmama ubanta take yi. Kai ka ɗauki sunan mace ka girma har ka yi tumbi, jikata ce ba za ta iya ɗaukar na namiji ba?"

Hayaniyar ce ta fito da Fada, limamin cocin, daga ɗakin sa tufafi. Ya saurara, ya yi murmushi. Ya ce sunan daga harshen Latin ya fito, ma'anarsa mai fara'a. Da can maza aka fi sa wa, amma a Ingila yanzu in ka ji Hilary, yawanci mace ce za ta waiwayo.

"Kun ji ko," Mama ta ce wa bencin baya. "Mu a gidanmu sai mun bincika muke raɗa suna."

Katikis ya soke layi ɗaya a littafinsa, ya rubuta wani, bai dubi kowa ba.

Da Mama ta zauna, ta matso kusa da kunnen Nkiruka. "Kada ki ɗauka mun gama. Ta gaba Philomena ce, ko da namiji kika haifa."

"To, Mama."

Aka jera a gaban kwanon ruwa. Obiora ya dawo daidai lokacin, yana kaɗa makulli kamar bai san an yi komai ba. Fada ya iso kansu, ya yi tambayar da ake yi wa kowa.

"Wane suna kuka ba wannan yarinya?"

"Hilary," in ji Nkiruka, muryarta can ƙasa.

Mama ta zungure ta da gwiwar hannu. "Ɗaga murya. Attama yana can baya, bai ji ba."

Nkiruka ta ɗago kai, ta sake faɗa, har na bakin ƙofa suka waiwayo.