Turmin Firmina

Da ƙafa dattijuwa Nha Zulmira ta tura ƙofar ɗakin tarihin unguwa, don hannu ɗaya na riƙe da buhun masara, ɗaya da taɓarya. Ta tsaya tana haki. Matakalar unguwarmu ba ta san girman tsoho ba.

Turmi ta zo ɗauka. Gobe addu'ar bakwai ta aminiyarta Firmina, kuma mu da muka baro tsibirin Santiago na yammacin Afirka muka zauna a kan tudun nan na bayan Lisbon ba ma ciyar da 'yan makoki da masarar leda. Mata ke surfa ta da hannu, suna waƙa suna kiran sunan mamaciyar, sannan a dafa da wake da nama. Ko a gadon asibiti sai da Firmina ta damƙe mata hannu ta ce, "Ke, kar ki bari a yi min da ta kanti. A turmina nake so."

Edmilson, ɗan ƙanen Zulmira, shi ne shugaban ƙungiyar ci gaban unguwa, shi kuma ya ari turmin bara da sunan baje koli na mako biyu. Aron bai dawo ba har mai shi ta mutu.

Ga shi can a tsakiyar ɗaki, fitila na haska shi. An shafe bayansa da man katako yana ta ƙyalli, an kuma sa ƙarafuna an kafe gindinsa da ƙasa. Ta matsa ta leƙa ciki. Guntayen sigari, cingam da aka tauna aka manna, ɓawon ayaba da ya yi baƙi, da wani abu mai yauƙi da ba ta so ta san sunansa. A jikin bango an rubuta: Kayan daka na gargajiya daga Afirka.

Ta ja dogon tsaki. Daga Afirka! Sai ka ce a bakin hanya aka tsince shi. A kanta Firmina ta sauko da shi daga jirgin ruwa, lokacin da tudun nan ba komai sai laka da bukkokin kwano. Duk Lahadi maza na gayyar gini, yau gidan wannan gobe na wancan, mata na daka musu abin da za su ci. Babu bangon da ya tashi a unguwar nan ba da ƙarfin turmin nan ba, har da na ɗakin da aka ɗaure shi a ciki.

"A'a, Goggo! Sannu da zuwa." Edmilson ne ya fito daga ofis cikin kwat, yana ƙamshin turare. Da ya ga taɓaryar, fara'ar ta ragu.

"Kwance min shi."

"Goggo, don Allah ban da yau. Baƙi na hanya, masu tallafa mana ne. Kuma ai yanzu ya wuce na mutum ɗaya, na al'umma ne. Tarihi ne."

"Tarihin ne kuke tofa wa majina? Zo ka leƙa."

Ya leƙa, ya kau da kai. "'Yan makaranta ne. Zan sa a share."

"'Yan makarantar ne ke shan sigari?"

Ya rage murya. "Akwai surfaffiya a kanti, Goggo, ni zan saya da kaina. Wa zai gane?"

"Firmina."

"Allah ya jiƙanta, amma ko na so, sai an kira mai gyara ya kwance ƙarafunan. Sai wani mako."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Yaron da Firmina ta goya, ta ɗura masa koko lokacin da uwarsa ke wankin benayen Turawa. Ba fushi ta ji ba, ƙyama ta ji, irin wadda mutum ke ji in ya ga gashi a cikin miya. Ta ajiye buhun, ta nufi taga, ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira.

"Tuda! Ke Tuda! Kirawo min Djodja da sauran. Ku taho da ruwan zafi da yashi, da taɓaryarki. A nan za mu yi."

"A nan ina?" in ji Edmilson. "Goggo, tayil ɗin sabo ne!"

"Matsa min, ɗan nan, kar na haɗa da ƙafarka."

Ya ɗauko waya, kafin ya gama kira mata sun cika ɗakin. Nha Tuda, wadda bakinta bai taɓa jin tsoron kowa ba, ta kwashe ƙazantar da hannu ta zuba a kan teburinsa. "Ga naka tarihin, shugaba." Suka goge cikin turmin da yashi, suka ɗauraye har sau ba adadi, suka zuba masara suka yayyafa ruwa.

Zulmira ta ɗaga taɓarya, Tuda ta karɓa, lugude ya kama. Djodja ta ɗauko waƙar, tana kiran Firmina da sunan da uwarta ke kiranta, tana tambayarta wa ta bar wa ƙofa a buɗe. Sauran na amsawa. Dusa na tashi tana sauka a kan hotunan bango. Kafaɗun Zulmira na zafi, hawaye na gangarowa har cikin bakinta, amma rabonta da jin sanyi a rai irin wannan tun kafin a rufe ƙawarta.

Ba ta ga shigowar baƙin ba. Tafi kawai ta ji. Ta ɗago, sai ga wayoyi a sama ko'ina ana ɗaukar su hoto, da fararen haƙora. Wata mai jan gyale har tana rausaya kai, tana tambaya ko za a ba ta taɓaryar ta gwada a ɗauke ta hoto. Edmilson kuwa, da ɗazu yake kamar zai yi kuka, ya tsaya a gabansu yana baza hannu, yana bayanin yadda ƙungiyarsa ke raya al'adun kakanni. Waƙar ta mutu a bakin Djodja. Suka ƙarasa surfen shiru, ba abin da ake ji sai taɓarya.

Zulmira na kwashe masarar a kwano Edmilson ya durƙuso kusa da ita, fuskarsa kamar an yi masa albishir.

"Goggo, kin gama min komai! Sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Ranar Asabar manyansu za su zo. Za ku sake yi? Har da kukan, in da hali."

Ta ɗaure bakin kwanon da ƙyalle, Tuda ta taya ta ɗora shi a ka. Sannan ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya, ta dawo da ido kansa.

"Asabar, ko? To, ga mu nan. A cikinmu wa kake so ta mutu?"