Sunan da Ke Ƙasan Shafi

Maricel Dumlao na cikin cire takalmanta da suka jiƙe da dusar ƙanƙara Darrell ya tsaya a kanta, kofin kofi a hannu. Shi ne shugaban sashen rahotanni a wani kamfanin inshora, ita kuwa ma'aikaciyar wucin gadi ce, kuma kwantiraginta ranar Juma'a zai ƙare.

Wata goma sha ɗaya ke nan tana aiki ɗaya: gyara shafukan da ake haska wa manya a majigi. Shafi ɗari da arba'in duk wata. Ta daidaita rubutu, ta matsar da tambarin kamfani kusurwa, ta sauya launin jadawali, ɗaya bayan ɗaya har wuyan hannunta ya riƙe. Digirinta na lissafi yana gida cikin akwati, ba wanda ya taɓa tambayarta shi. Ba ta yi ƙorafi ba. A lokutan cin abincin rana ta koya wa kanta rubuta makro, ɗan jerin umarni da kwamfuta ke bi da kanta. Aikin kwana uku ya koma minti huɗu da danna maɓalli ɗaya.

Abu ɗaya ne Darrell ya sa baki a kai. Bayan wani kuskure da ya ba shi kunya a watan Yuni, ya kafa doka cewa kowane shafi sai ya ɗauki sunan wanda ya tsara shi a ƙasa, don a san wuyan da za a kama. Maricel ta saka dokar a cikin makro ɗin, kamar yadda aka umarce ta.

Yanzu ya ce ta tura masa fayil ɗin, zai nuna wa daraktoci da ƙarfe goma irin sabuwar dabarar da ya ɓullo da ita. Ya ce ba sai ta shigo ba, kujeru ba za su isa ba.

"Ka taɓa danna shi da kanka, Darrell?"

"Maɓalli ɗaya ne fa, Maricel. Ko karena zai iya."

"To ka gwada kafin ka shiga. Minti huɗu ne."

Ya duba agogo, ya yi dariya, ya ce ita dai ta cika tsoro. Ta tura masa.

Anti Luz, mai karɓar baƙi, 'yar garinsu da ta girme ta da shekara ashirin, ta leƙo ta saman allon da ya raba teburansu. Ta ce wannan mutumin ko tuwonka ya ci sai ya ce shi ya tuƙa. Ta tambaya ko Maricel ta fara neman wani aikin. Maricel ta ce ta cike takarda tara, an amsa mata biyu, duka a'a. Ta buɗe robar abincinta tun lokaci bai yi ba, shinkafa da kaza mai tsami, ta zauna tana ci a hankali.

Ɗakin taron bangon gilashi ne. Tana hango Darrell yana magana da hannuwa, daraktoci shida na gyaɗa kai. Ya danna. Shafukan suka riƙa wucewa suna daidaita kansu, tambari na komawa mazauninsa, launuka na sauyawa. Wani ya tafa. Sai Misis Kowalchuk, babbar darakta, ta sa tabarau ta matsa kusa da allon majigin. Ta nuna ƙasan shafin, inda sunan Maricel ya fito. Ta ce a wuce na gaba. Ta sake nunawa. Na gaba ma haka.

Darrell ya fito kunnuwansa sun yi ja. Ya zo ya tsaya inda ya tsaya da safe, ba kofi a hannunsa.

"Suna son ganinki."

"Wane shafi ne ya lalace?"

Ya kalli tagar da ƙanƙara ke zuba a bayanta. "Babu."

"To me sunana ya yi?"

"Tambayoyi suke yi. Yadda yake aiki." Ya rage murya. "Ban san amsar ba."

Maricel ta cinye loma biyun da suka rage. Ta rufe robar, ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta sa busassun takalman da take ajiyewa a ƙarƙashin tebur. Sannan ta kama bayan kujerarta ta tura ta gaba, tayoyin na ƙara a kan dardumar.

"Ina za ki da wannan?" in ji Darrell.

"Ka ce kujeru ba za su isa ba."