Allon Inna Lami

A shekarar da soja suka koma bariki, duk wanda ya ci zaɓe a Tarauni sai ya wayi gari yana neman bangon da zai liƙa sunansa. Malam Garzali, mai sassaƙa allunan suna a Gyadi-Gyadi, bai damu ba, don ciniki ne ya buɗe masa. Bai san abin zai biyo ta kan allon Inna Lami ba.

Inna Lami ungozoma ce. Rabin unguwar a hannunta suka faɗo duniya, har da 'ya'yan Garzali. Da ta rasu, mutanen unguwa suka yi aikin gayya, suka gina ɗan ɗakin haihuwa a bayan masallaci, a lokacin da babu wata hukuma da ta san suna raye. Garzali ya ɗauko katakon maɗacin da ya daɗe yana ɓoyo, ya ce shi zai yi wa ɗakin allon sunanta.

Shi ba ya tona haruffa a cikin katako. Gefensu yake cinyewa da kurfin sassaƙa, a hankali, har su tashi tsaye. Haka ya fito da sunan Inna Lami, ya zagaye shi da dagi, ya goge, ya yi ta shafa masa mai har katakon ya yi ja kamar dabino. Mata masu zuwa awo kan tsaya su kalla, ko da ba su iya karantawa ba.

Wata safiya sai ga mota ta tsaya a bakin rumfarsa. Junaidu ne, sabon kansila, wanda bara-bara yake sayar da tayoyin gwanjo a Unguwa Uku, yau kuma ba ya amsawa sai an ce Honarabul. Bayansa mutum biyu suka shigo da allon, da ƙusoshinsa a jiki. Ciro shi aka yi daga bango, ko sallama ba a yi wa kowa ba.

"Malam Garzali, aiki na kawo maka," in ji Junaidu. "Na sauya wa ɗakin haihuwa kwanon rufi, za a yi bikin buɗewa. Sunana za a sa."

"A buɗe abin da yake a buɗe?"

"Sabuwar gwamnati ce, Malam. Kuma ba na son ɓarna. Katakon nan babu irinsa a kasuwa. Juya shi kawai za ka yi, ka sassaƙa nawa a baya, nata ya kalli bango. Ka ga ba a goge kowa ba."

Garzali ya ji zuciyarsa ta tafasa. Wato har da wa'azin tattali! Kwano ne fa, kwano. Tubalin ginin nan matan unguwa ne suka ɗebo ruwan kwaɓa shi a ka, shi kuwa Junaidu ko cebur bai taɓa ba. A zamanin soja ma, da duk wulaƙancinsu, babu wanda ya kula da allon balle ya cire shi. Sai yanzu da aka bi layi cikin rana aka zaɓi ɗan unguwa.

"Junaidu," ya ce, da gangan ya bar Honarabul ɗin, "wa ya yanke maka cibi?"

"Allah ya jiƙanta. Amma ai ba ta san ana yi ba."

"Ni na sani. Ka je ka yi naka allon, na kwano, na roba, duk wanda ka ga dama. Wannan hannuna ba zai taɓa bayansa ba. Kuma ba ni kaɗai ba ne, tana da ɗa a garin nan. Bari Rabi'u ya ji."

Junaidu ya yi murmushi, ya leƙa waje. "Rabi'u! Kashe motar ka zo."

Direban ya fito. Rabi'u ne, ɗan autan Inna Lami, da sabuwar shadda da makullin mota a yatsa. Tun da masaƙar da yake aiki ta rufe yake zaune a gida da iyali, kowa ya san haka. Ashe Junaidu ya ɗauke shi aiki. Ya shigo yana kallon ƙasa.

"Baba Garzali, ka yi haƙuri ka juya shi," ya ce. "Inna ko da ranta ba ta iya karanta boko ba."

Garzali ya dube shi. Duk faɗan da ya tanada na Junaidu ne, bai ajiye ko kalma ɗaya don wannan ba. Baƙin ciki ya kama shi, ya rasa wa zai zaga.

"Tunda ya ƙi, akwai mai fenti a Darmanawa," in ji Junaidu. "Sa shi a mota."

Rabi'u ya sunkuya ya ɗaga allon shi kaɗai, ya kai bayan motar, ya kifa shi a kan ƙarfe tsirara, kusa da jak da tayar safaya.

Garzali ya miƙe. Ya zaro buhun da yake zama a kai, ya karkaɗe, ya bi shi waje ya cusa masa a hannu.

"Shimfiɗa wannan a ƙarƙashi, kai marar kunya," ya ce. "Sunan uwarka ne, haruffan za su karye."