Dakan Ƙarfe

Mutanen Babura ba sa gajiya da tsokanar Baba Kura a kan motarsa. Sunansa Kura, motarsa a-kori-kura, to wa ke korar wa? Ya sha gaya musu cewa a harshen iyayensa Barebari, kura babba ke nan, ba mai cin akuyar mutane ba, amma ba mai saurarensa. Shekara talatin da ɗoriya yana jigilar gero da awaki tsakanin Babura da Kazaure, kuma tinƙahonsa ɗaya ne: tun da ya sayi motar nan, bakanike bai taɓa kwanciya a ƙarƙashinta ba. Shi ne direbanta, shi ne likitanta.

Bara ciwo ya kwantar da shi. Ya tashi, alhamdu lillahi, sai dai hannun dama bai tashi tare da shi gaba ɗaya ba. Yana sa giya, yana riƙe sitiyari, amma abu mai nauyi ya fi ƙarfinsa. Matarsa Hajja Kaka ce kaɗai ta san iyakar abin, domin ita ke ganin yadda yake ɗaga buta da hagu idan ya ɗauka ba mai kallo.

Ana nan sai bikin autarsu Halimatu Sadiya ya taso. A Gwiwa za ta zauna, kuma ranar Juma'a za a kai kayan ɗakinta. Haladu, kawun ango, shi ma direba ne, sai ya aiko da saƙo cewa kada Baba ya wahalar da kansa, zai kawo tasa motar a loda kayan. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma maganar ta soki tsohon har ƙashi.

"Ni da na kai kayan 'ya'yan mutane har Roni da Yankwashi," in ji shi, "na 'yata ne za su hau motar wani? Sai dai in ba na numfashi."

Matsalar ita ce motar ma ta tsufa a gwiwa. Da ta hau gargada sai ƙafafunta na gaba su riƙa ƙwas-ƙwas, sitiyari yana rawa, taya tana cinyewa ta gefe ɗaya. Boljoyin ne suka mutu, wato ƙwallon ƙarfen nan da ƙafar mota ke juyawa a kansa. A ɗora mata gado da kujeru a haka, ana iya tsintar tayar a gonar wani. Ranar Laraba Baba Kura ya je Kazaure, shagon Toma mai kayan mota, ya sayo sababbi guda biyu. Toma ya ce ya kawo motar a sa masa. Baba Kura ya yi kamar da bango ake magana.

Ranar Alhamis bayan azahar gida ya yi tsit, matan biki duk sun bi amarya gidan gwaggonta wajen ƙunshi. Baba Kura ya rufe ƙofar langa-langa, ya ɗaga motar da jak, ya cire taya, ya zare fin ɗin da ke kulle noti, ya sassauta notin. Duk wannan ya yi shi da dabara da hannun hagu. Saura bugu. Boljoyin da ya shekara goma a raminsa ba ya fita da lallashi, sai an daki ƙarfen da ya riƙe shi har ya saki.

Hajja Kaka tana bakin madafi tana tsince shinkafa, kunnenta yana wajen mota. Ta san ƙarar gudumar mijinta kamar yadda ta san tarinsa. Da can in ya buga, har tantabarun maƙwabta sai sun tashi. Yau kuwa abin da take ji kamar baƙo mai kunya yana ƙwanƙwasa ƙofa. Sau biyar, sau shida, sai shiru. Da ta leƙa, ta gan shi zaune a ƙasa, guduma a gefe, ya riƙe hannun dama da na hagu yana kallonsa. Tausayi ya kama ta har idonta ya kawo ruwa, amma ta san in ya ga hawaye to an gama da shi.

Ta aje faifai, ta mirgino tsohon turminta.

"Malam, ɗaga ta kaɗan in tura wannan. Ba na son jak ɗin nan shi kaɗai, kai da kanka ka ce ba shi da amana."

Ya dube ta. "Hajja, koma wajen shinkafarki."

"Shinkafa ba ta gudu." Har ta buɗe baki za ta ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai ta tuna wane hannu ake magana, ta haɗiye. Ta ce, "Nuna mini inda ake dakan."

"Wannan ba gero ba ne."

"Gero ma in ba ka iya ba, warwatsewa yake. Shekara arba'in ina daka, ka taɓa jin na fasa turmi?"

Can sai ya ƙara ɗaga motar, suka tura turmin ƙarƙashin ƙarfen gindinta. Ya sa yatsa a kan kunnen ƙarfen da boljoyin ya shige.

"Nan. Ba kan notin ba, in kika daki noti kin kashe zaren. Gefen nan, wuri ɗaya, kada ki canza."

Ya tokare bayan ƙarfen da ƙaramar guduma a hannun hagu. Hajja Kaka ta ɗaure zani, ta ɗauki babbar gudumar, ta tsuguna, ta yi bisimilla. Bugun farko ya zame, ya tashi ƙasa ta watsu a gemun Baba Kura. Ya tofar, ya ce, "Ƙarfen na ce, ba ni ba." Dariya ta ƙwace mata, kuma da dariyar tsoro ya fita. Ta gyara tsuguno, ta daina tunanin mota, ta bar kafaɗunta su yi abin da suka saba tun tana budurwa. Ta ɗaga, ta saki, ta bar nauyin gudumar ya yi aikin. Tim. Tim. Tim. A na bakwai ƙarfen ya yi ƙara tau, boljoyin ya saki.

Baba Kura ya zaro shi, ya girgiza. Ƙwallon yana lilo a gidansa kamar haƙorin tsohuwa. Sai ya miƙa mata sifana. Ita ta ɗaure sabon, shi yana cewa ƙara, ƙara, tsaya. Ya sa sabon fin, ya cika giris. Ɗaya ƙafar bugu huɗu kawai ta ci. Kafin la'asar ta yi sanyi motar tana tsaye a kan tayoyinta.

Tana wanke hannu da toka ta ce masa, "Maganar nan ta tsaya tsakaninmu. In an tambaya, kai ka yi."

Da safiyar Juma'a aka fito da motar ƙofar gida aka fara lodi. Sai ga Haladu da tasa, wai ko da za a buƙata. Bayan gaisuwa ya tsuguna, ya kama tayar gaba ya jijjiga, ko motsi. Ya leƙa ciki, ya ga sabon ƙarfe da ɗanyen giris, ya ga sawun guduma duk a wuri ɗaya, faɗinsa bai wuce kwabo ba.

"Kai, Baba, wannan bugun gwani ne! Ashe hannu ya dawo. Allah Ya ƙara lafiya."

Hajja Kaka tana bayan ƙyauren zaure, tana jin komai. Ta ce a ranta, ka ce amin kawai, Malam, ka ce amin.

Baba Kura ya ɗaga hannun dama a gaban maza fiye da goma, hannun da ya shekara yana ɓoyewa cikin riga. Kowa ya ga yana rawa.

"Bai dawo ba, Haladu. Ni na nuna wuri, Hajja ta buga. Ku tambayi duk garejin da ke tsakanin nan da Kazaure in akwai mai fitar da shi a bugu huɗu."

Nan take aka ɗauki salati da dariya. Hajja Kaka ta toshe baki da mayafi. Haushinsa ta so ji, amma ta nema ta rasa, sai wani daɗi da ya cika mata ƙirji. Ba ta taɓa alfahari da mutumin nan kamar yau ba.

Ta kafar ƙyaure ta ga ya hau, ya tada mota, gadon Halimatu Sadiya ɗaure a sama. Ya kama hanyar Gwiwa a gaba, motar Haladu tana biye da shi, ba kaya ko ɗaya a cikinta.