Gadar da Ta Ƙi Ɗaukar Mutum

Yaya ne ya ƙera manhajar da suke gina wasannin waya da ita a ofishin nan mai ɗaki biyu, amma bai taɓa zama ya rubuta yadda ake sarrafa ta ba. Duk wanda ya tambaye shi, sai ya tura masa saƙon murya. Ƙaninsa Auta shi ke zana garuruwan cikin wasan.

A makon da ciwo ya kayar da Yaya, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke, a makon ne gadar da Auta ya zana ta fara haɗiye mutane. Ɗan wasa na taka ta sai ya zurma, ya yi ta faɗawa cikin duhu.

Oga ya tsaya a kan Auta. "Auta, ni ba mugu ba ne. In ba ta gyaru kafin ƙarshen mako ba, za mu watsar da manhajar, mu koma wadda bayaninta ke rubuce."

"Aikin Yaya ne na shekaru fa, Oga."

"To ka tambaye shi mana." Sai kuma ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya sosa ƙeya, ya fita.

Auta ya rubuta "gada" a wurin binciken saƙonnin Yaya, wayar ta ce babu. Ina za ta gano kalma a cikin murya? Dole ya bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Ga Yaya yana bayani da abinci a baki, ga shi yana faɗa da mai mota a tsakiyar magana. "Kai sarkin barci, danna wancan na gefen wancan, ai ka gane." A lokacin ya gane. Yau bai san wane wancan ba.

Can dai ya ci karo da saƙon da yake nema: "Af, batun gada, akwai ɗan abin da ake kunnawa. Dogon zance ne, bari in na shigo in nuna maka."

Auta ya ɗauki kwamfuta ya nufi gidan Yaya. Ya tarar da matar Yaya tana goge masa baki. Da ya buɗe masa allon, idon Yaya ya kawo haske. Ya san amsar sarai. Bakinsa ya motsa, wani gurnani kawai ya fito. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya dafe kusan rabin allon.

Auta ya gwada duk abin da ke ƙarƙashin tafin nan. Kowane karo ɗan wasan sai ya zurma. Hawaye ya gangaro wa Yaya har cikin kunne.

"Auta, don Allah ya isa haka," in ji matar.

Da mako ya ƙare Oga ya tura wa kowa sabuwar manhaja. Auta ya soma zana garin daga farko. In ya je dubiya da yamma, Yaya yakan kafe jakar kwamfutar da ido, shi kuwa sai ya tura ta bayan kujera.